Malamin Lakwal Mai Kunnuwa

Shekarun baya, sa'ad da aka tura ni koyarwa wata lakwal a Belbeji, na iske layin salulata ba ya aiki a can. Rezo sai ya leƙo ya koma, ana cikin gaisuwa magana ta yanke. Na je wurin mai sayar da sim na wani kampani, na tambaye shi ko zan iya komawa nasu da tsohuwar lambata. Ya ce ba ta yiwuwa, sabon layi sai da sabuwar lamba. Na karɓa, na jefa tsohon sim a aljihu, daga nan ban sake ganinsa ba.

Mahaifiyata tana ƙauyenmu a wajen Gangara. Ba ta yi karatu ba, amma yatsanta ya haddace wuraren da ake dannawa a kira ni. Da na je hutu na nuna mata sabuwar lambar, ta ce, "To, na gani." Ni kuma da wautata na yarda. Tun da ni ke kiranta duk Juma'a, ita kuma ta je inda ake samun rezo ta jira, ban taɓa lura ba ta gwada ba.

Damanar da ta gabaci shekarar nan ba a samu kome ba, har irin shuka mutane suka cinye. Sai na sayi irin gero na ajiye a ɗakina, muka shirya ranar da aka yi ruwan shuka za ta kira ni in kawo. Kun san ƙasarmu ta Damargu, idan lema ta gudu ba ka shuka ba, ba ka san ranar da wani ruwan zai zo ba.

Ruwa ya sauka a garinmu, Belbeji ko ɗigo. Da sassafe ta hau tudun bayan gari ita kaɗai, don nan ne kawai ake samun rezo, ta danna abin da yatsanta ya sani. Ashe kampanin ya daɗe da ba wani lambar. Aka ɗauka, ba ta ko saurara ba ta ce, "An yi ruwa, ka taho da irin yau," ta kashe don kar kiredi ya ƙare.

Mutumin mai sayar da kayan miya ne a kasuwar Tanut. Da ya so, sai ya ci gaba da auna tattasansa. Amma ya kira ta.

"Inna, ba ɗanki kika samu ba. Ina yake, mene ne sunansa, in nemo miki shi?"

Nan fa gizo ya so ya yi saƙa, domin ni ne ɗan fari, kuma mahaifiyata ba ta taɓa kama sunana ba. Ta ce, "Yaron nan dai, yana koyarwa a Belbeji."

"Malamai suna da yawa, Inna."

"Dogo ne. Kunnuwansa kamar faifai. Ba ya cin kuɓewa."

Da wannan bayani ya kira wani direban da ya sani a tashar Belbeji. Direba ya faɗa wa masu shayi, masu shayi suka faɗa wa 'yan kabu-kabu. Kafin hantsi rabin gari na neman malami mai kunnuwa. Ina cikin aji sai ga direktanmu a bakin ƙofa, ya dubi kaina hagu da dama yana danne dariya, ya ce, "Malam, ba sai an yi bincike ba. Mahaifiyarka ta ce an yi ruwa. Ɗauki irinka ka tafi."

Na ɗaure buhu a bayan babur, kunya da murna suna cina lokaci guda. Da la'asar muna gona, ni ina sara, ita da ƙannena suna zuba iri suna rufewa da ƙafa. Shukar nan ta kama, kuma shekarar muka cika rumbu. Damin farko da aka ɗaure, ta ce a kai Tanut. Ranar na fara ganin mutumin, ya tashi daga kan tabarmarsa, ya kalle ni ya ce, "Wallahi Inna ba ta yi ƙarya ba."

Har yau in na tuna sai in yi dariya ni kaɗai, kuma sai in ji ina ƙaunar mutanenmu. Na bi rezo mai ƙarfi, ban tsaya na ga ko wadda ta fi kowa bukatata za ta same ni ba. Wanda bai san ni ba ne ya ƙona kiredinsa ya haɗa mu. Yanzu abokina ne, ya zo sunan 'yata, kuma duk wanda zai canza layi nakan ce masa ya zauna da tsofaffinsa sai sun kira shi da hannunsu ya ji salularsa ta yi ƙara.

Mahaifiyata kuwa, da na sake zama zan koya mata sabuwar lambar, sai ta ture salular. Ta ce, "Kar ka wahalar da ni. Waccan ma ɗana ke ɗauka."