Kawu Bala da Ƙuri'ar Tarakta

Ku da kuka san Kawu Bala, yayan mahaifiyata, kun san ba a jefa ƙuri'a a ƙauyenmu na gefen Tsanyawa sai ya leƙa cikin hula. Ya juya ta, ya kakkaɓe, har ya shinshina. Maganarsa ɗaya ce: "Nuna mini!"

Ran nan aka ari hular Liman za a zuba sunaye. Kawu ya fizge ya kakkaɓe, sai ga ɓarin goro ya faɗo.

"Allah gafarta Malam, wannan sunan wa?"

Liman ya ce, "Nawa ne, kuma ya fito. Miƙo!"

Watandar sallah kuwa, wayyo! Kun san yadda ake yi: mutum ya juya baya, a nuna kashin nama, ya faɗi mai shi. Kawu ya ce ai yana ganin inuwa. Aka ɗaure masa ido da rawani. Ya ce ai yana jin takun mai nunawa. Aka toshe masa kunne da auduga. Daga nan aka yi ta ihun "Wannan na wa?" bawan Allah yana tsaye ƙiƙam kamar turke. Sai la'asar mata suka ɗora tukunya.

Babbar rigima dai ita ce layin taraktar ƙungiyar manoman ƙauyenmu. Wanda aka fara yi wa huɗa bayan ruwan fari, geronsa ya tsira. Na ƙarshe sai addu'a. Ni kuma aikina a Kano shi ne rubuta yarjejeniyar kwamfuta mai zartar da kanta a kan bulokcen, wato kundin intanet da ba mai iya sauya abin da aka rubuta a ciki. Na ce bari in raba gardama. Na yi musu bayani a gindin darbejiya: kwamfutoci barkatai ne ke fitar da lambar da za ta jera sunaye, ba wanda ya san ta kafin ta fito, kuma tana zuwa da hujjar da kowa zai duba a wayarsa.

Kawu ya harare ni. "Wa ke girgiza hular?"

"Babu hula, Kawu."

"Babu hula? Innalillahi! To me zan leƙa?"

Aka danna waya. Wa zai fito na farko? Bala! Wallahi gabana ya faɗi, don shi abin da ya fi tsoro a duniya a ce ya ci haƙƙin wani. Ga shi an fara ƙus-ƙus: ɗan ƙanwarsa ne ya haɗa abin.

Ya miƙe tsaye. "Ban yarda ba! Nuna mini!"

Aka duba a wayata, ya ce ta gida ce. Aka duba a ta malamin firamare, ya ce abokina ne. Sai da aka tare wani direban bas ɗan Bagwai da bai san kowa ba, aka sa shi ya duba ta wani bulokcen daban, hujja ta fito daidai. Fasinjoji na ta zage-zage, Kawu ko a jikinsa.

"To, ta tabbata tawa ce?"

Kowa ya ce ta tabbata.

"Madalla. A fara da gonar marayun Idi. Da can ina tsoron in yi kyauta da abin da ba nawa ba."

Ni dai hawaye ne ya zubo mini.

Gonarsa ce aka yi wa huɗa a ƙarshe, kuma bai ga girbin shekarar ba. Marayun ne suka kawo wa iyalinsa damin farko.

Allah Ya jiƙan Kawu Bala, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa shi a sahun farko ranar da ba mai ba wani layinsa. Amin.