Sabitu Ya Auna Karensa

Yana cikin gutsura gurasar jiya a tsohon murfin tukunya, kamar kullum bayan asuba, Sabitu ya tsaya ya ƙare wa karen kallo. Duna na zaune taku uku daga gare shi, inda aka koya masa zama tun yana kwikwiyo don kada bakinsa ya taɓa rigar salla. Sabitu ya kwarara ragowar romo a kan gurasar, ya tura murfin da ƙafa.

Shekara ashirin da shida ke nan yana kiwon tumakin wani Balarabe a bayan kasuwar dabbobi ta Ka'akiyya. Da baƙin gemu ya baro Haɗeja, tumakin Makka suka ga furfurarsa ɗaya bayan ɗaya. Yakan gane ragon da zai kwanta ciwo tun daga yadda ya sunkuyar da kunne. Duna kuwa a ƙarƙashin tankin ruwa ya tsince shi shekara bakwai da suka wuce, baƙi wuluk, idonsa bai gama buɗewa ba. Tun da ya girma, ko ɗan rago ɗaya bai sake ɓata ba.

A bana kafilinsa, Balaraben da iƙamarsa, wato takardar zamansa, ke hannunsa, ya rasu. 'Ya'yan suka sayar da garken ga wani, suka buga wa Sabitu bizar fita ta ƙarshe. Saura kwana tara ya bar ƙasar.

Sau huɗu kacal ya taɓa zuwa gida, kuma abu ɗaya ya fahimta game da jirgin sama: komai kilo ne. Don haka ya lallaɓa Duna ya hau sikelin da ake auna buhunan sha'ir. Kilo sha tara. Tikitinsa ya ba shi arba'in da shida. Tufafinsa, rediyonsa da bargo ba su wuce ashirin ba. Ragowar ta ishi kwali mai ƙwari da zai huhhuda wa ramukan shan iska, ya sa Duna a ciki. Ya sake lissafin da yatsu, ya fito daidai.

Sai dai a unguwar Mansur, inda Hausawa 'yan'uwansa ke zaune, kilon matafiyi ba nasa ba ne shi kaɗai. Da an ji mutum zai sauka gida, sai ƙunshe-ƙunshe su fara zuwa: dabino ga uwa, turare ga amarya, sallaya ga surukin da ba a taɓa gani ba. Ba a tambaya, kawowa ake yi, don kowa an taɓa ɗaukar masa. Sabitu da kansa ya sha aika magani da kayan salla ta hannun mutane. Amma a wannan makon duk wanda ya kawo, sai ya ce masa ba wuri.

Hajiya Kande mai tuwo, wadda ta shekara goma tana ƙara masa miya ba tare da ya roƙa ba, ita ce ta tsare shi a bakin shagonta, da leda a hannu.

"Malam Sabitu, abaya biyu ce fa, ta jikokina. Ko kilo ɗaya ba ta kai ba."

"Hajiya, wallahi ba wuri."

"Ba wuri? Kai da ko akwati ba ka da shi? Dutsen Arfa za ka kai Haɗeja?"

Ya sunkuyar da kai ya faɗa mata gaskiya. Ta dube shi, ta dubi masu cin tuwo.

"Kare? Jama'a ku ji! Kowa na komawa da Zamzam, shi da kare zai koma. In sun taho tarbarka su ce Alhaji ina tsaraba, sai ka ce ga ta nan tana haushi?"

Aka kwashe da dariya, amma ita ba ta yi ba. Ta mayar da ledarta ƙarƙashin benci, kuma ran nan miyarsa ba ta samu ƙari ba.

Washegari ya hau bene zuwa ofishin Fahad mai sayar da tikiti. Fahad haifaffen Makka ne, kakansa ya zo daga Katsina da ƙafa, Hausarsa kuma takan yi tafiya kaɗan ta jingina da Larabci ta huta. Sabitu ya zauna, ya ce ya zo ne a rubuta cewa sha tara daga cikin kilonsa mai rai ne, kada ma'aikata su jefa kwalin.

Fahad ya cire tabarau.

"Ya ammi, wane mai rai?"

"Karena."

"Kare a kartan? La, la, Baba. Kare ba ya shiga a kilo."

"To a me yake shiga? Kujera zan saya masa?"

"Ba kujera. Tsaya in tambaya."

Ya buga waya, ya daɗe yana Larabci yana rubutu a bayan wata takarda. Da ya ajiye, sai ya fara karantowa. Sun ce sai an kai karen wurin likitan dabbobi. Sai an sa masa wani ɗan ƙarfe kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambarsa. Sai littafin allurai mai sunansa. Sai keji irin wanda suka yarda da shi. Sai izini daga nan, sai wani izinin daga can.

"Lamba kuma?" in ji Sabitu. "Shi ma iƙama zai yi?"

"Kusan haka."

"Ni da na shekara ashirin da shida ba a sa mini shinkafa a wuya ba."

"Kai kana da fasfo, Baba."

"To a yi masa. Yau ma."

Fahad ya sosa ƙeya. Allurar haukan kare, in ji shi, sun ce sai ta kwana talatin a jikinsa kafin su karɓe shi. Sabitu ya ɗaga yatsunsa ya dube su. Kwana takwas suka rage masa. Ya tambaya ko ana iya yi masa allura huɗu a rana ɗaya a rage kwanakin. Fahad ya ce ba a yi. Ya tambaya ko in an ce karen ba ya hauka, shi shaida ne, shekara bakwai. Fahad ya ce ba sa karɓar shaida.

"Akwai hanya ɗaya," in ji Fahad. "Ka tafi, wani ya riƙe shi wata guda, ya sa hannu a matsayin mai shi, a turo maka shi ta jirgin kaya."

"Wato sai ya nemi kafili."

"Ya'ani... haka."

Sabitu ya bi mutanen Mansur a zuciyarsa gida gida. Babu ƙofar da bai mayar wa ƙunshinta ba a makon nan. Ya dubi Fahad. Fahad ya ɗaga hannu biyu.

"Ni? Ummi, mahaifiyata, sai ta kore ni daga gidan, wallahi."

"A jirgin kayan, shi kaɗai zai zauna?"

"Shi da kaya."

"Wa zai ba shi ruwa?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ko igiya ba a taɓa ɗaura masa ba," in ji Sabitu, ba da Fahad yake ba.

Na'urar sanyaya ɗaki na ta gurnani. Ta taga ana hango duwatsun da suka kewaye garin, jajaye-jajaye cikin rana. Ya daɗe da sa rai a cikinsu za a binne shi. Ga shi yanzu shi mai takardu an ce ya fita, wanda ba shi da ko ɗaya kuma an ce ba zai fita ba. Ya juya maganar ta kowane gefe, ta ƙi zama daidai.

"A nan aka haife shi," ya ce a hankali. "Kamar kai."

"Baba, ka haɗa ni da kare?"

"Ba haka nake nufi ba, ɗana. Yage takardar nan da ka rubuta."

"Halas? Ka fasa?"

"Wanda ya sayi garken yana da tumaki ɗari biyu, ba shi da mai tsaro. Zan je in nuna masa yadda ake kiransa. Ba ya amsa Larabci."

Ya miƙe, ya laluba ƙasa da ƙafa ya sa takalmansa. Fahad ya miƙo masa tikitin. Ya karɓa, ya juya shi sama da ƙasa kamar yana neman inda aka rubuta wani abu dabam, ya cusa a aljihu. A bakin ƙofa ya ja ta ƙi, ya sake ja, sai da Fahad ya ce masa turawa ake yi. Ya tura ya fita.