Thaddeus Ba Kuka Ba Ne

A Kuchigoro har yau ana ba da labarin zakaran da Christina ta rasa. Ita da maƙwabciyarta Sandra kowacce ta ce nata ne, magana ta kai gaban dattawan unguwa. Aka ɓoye zakara, aka ce kowacce ta siffanta shi. Sandra ta gyara ɗaurin zani ta fara zuba: zankonsa ja kamar attarugu, tafiyarsa irin ta sabon darakta, cararsa kamar ta mai neman aure. Aka juyo kan Christina.

"Zakara ne," in ji ta. "Yana da ƙafa biyu."

Sandra ta tafi da zakara. Ranar Lahadi ta aiko wa Christina fiffike ɗaya, saboda zumunci.

Haka Christina take, ba ta taɓa cewa wani abu kamar wani abu yake ba. Ƙosai take soyawa a bakin hanya, in ka ce mata ƙosan nan kamar nama, sai ta ce maka wake ne. Daga arewa maso gabas ta zo Abuja da cikin 'yarta Kindness, da tukunya ɗaya a ka. Kafin su gudo, wasu masu kaki sun shiga ƙauyensu sun kwashe maza, ciki har da mijinta Thaddeus. Bai dawo ba, ba a kuma ce ya mutu ba. Hotunansa sun ƙone tare da ɗaki. Kindness ta girma har ta fara shafa jan baki, ba ta san fuskar ubanta ba.

Ana nan sai ga Zuhra, ma'aikaciya a wata ma'aikatar gwamnati, yarinya mai kirki da tabarau mai faɗin murfin tukunya. Littafin labari take rubutawa a kan irin abin da ya faru. Ta yi ta zuwa tana zama a kan benci, hayaƙi na shiga gyalenta mai tsada. Christina ta amince ta ba da labari da sharaɗi ɗaya: a sa Thaddeus a ciki, don Kindness ta buɗe littafi ta ga ubanta.

Da aiki ya yi nisa Zuhra ta zo karanta mata. Ta gyara murya. Ranar da abin ya faru, in ji littafi, sama ta yi kukan jini.

"Rana aka yi," in ji Christina tana juya ƙosai. "Na shanya dawa ma."

Zuhra ta ci gaba. Masu kaki sun sauko kamar ungulaye a kan mushe.

"Wane ne mushen? Mu? Kuma ungulu ba ta gaisuwa. Ɗayansu ya ce mini sannu Mama, ya roƙi ruwa, ya sha, ya maido mini kofi da hannu biyu. Sannan ya ce wa mijina ya hau mota."

Zuhra ta gyara tabarau, ta tsallake zuwa inda ta fi alfahari da shi. Thaddeus, in ji ta, bishiyar kuka ce mai rassa har sama, wadda azzalumai suka sare.

A nan Christina ta ajiye matsami.

"'Yata, wa kika rubuta? Thaddeus iyakarsa kafaɗata. Yana da wushirya, kunnensa na hagu ya fi na dama girma. Tsoron ƙadangare yake ji. In yana waƙa a coci, limami da kansa yake roƙonsa ya rage murya. Ranar ma silifa ɗaya ce a ƙafarsa, ya ce su tsaya ya ɗauko ɗayar, ba su tsaya ba."

"Mama, ai ba tsawonsa nake nufi ba," in ji Zuhra. "Simbol ne, wato alama. Kukar nan tana wakiltar al'umma gaba ɗaya."

"Al'umma ta je ta nemi mai rubuta ta. Ni mutum ɗaya na ba ki."

"To Mama, masu karatu fa? In na ce gajere mai tsoron ƙadangare, dariya za su yi. Ina so su ji girman rashin."

"Su yi. Ni ma da dariya na aure shi. Yarinyar nan ta tambaye ni kamanninsa har na gaji, yanzu in ce mata ta je bakin daji ta duba itace?"

Zuhra ba ta saduda ba, 'yan boko ba sa saduda da wuri. Ta ce duk manyan marubuta haka suke yi, kuma kuka alama ce ta ƙarfi, abin da ba ya girgiza.

Christina ta tsame ƙosan ƙarshe, ta kaɗe mai, ta dube ta.

"Kuka dai ni na yi shi, kuma ya ishe mu. Da mijina bishiya ne, Zuhra, da bai shiga bayan mota ba. Da yana nan tsaye inda na bar shi."