Lambar da Shahrom ya sani

Shekara talatin ina katanga ɗaya da Kak Kiah, wato Yaya Kiah a yarenmu, a ƙauyenmu na bayan garin Alor Setar. Mace ce da ko kifi ta saya sai ta buɗe masa baki ta leƙa. Tun rasuwar mijinta alawar kwakwa take sayarwa, kuma ba ta taɓa yarda da sikelin kowa ba, har nawa.

Da kamfanin tarho ya aiko cewa za a kwashe tsohuwar wayar jan ƙarfe a jawo ta zaren gilashi, kowa ya sa hannu ban da ita. Ranar da ma'aikacin kamfanin ya jingina tsani a bangonta, sai ta fito da muciya ta riƙe ƙafar tsanin.

"Sauko, ɗan nan. Ka san nawa ake sayen jan ƙarfe a gidan gwangwan? Ni na sani."

"Inna, ga katin shaidata, ga rigar kamfani a jikina."

"Ɓarawo ma yana da tela."

Na leƙo ta kan katanga na ce, "Kak, ki bar shi mana. Wa ke kiranki ban da masu bikin da ke neman ragi?"

Ta watso mini harara, nan take na san na taka inda bai kamata ba. Ɗanta Shahrom ya bar gida shekara goma sha ɗaya da suka wuce, bayan sun yi cacar baki a kan gonar shinkafar ubansa. Babu wanda ya san inda yake. Amma kowace ƙaramar Sallah, an sauko daga idi, tarhonta sai ya yi ƙara. Ba ya magana, numfashinsa kawai take ji. Takan ce, "Ka ci abinci?" sai ya ajiye. Lambar gidan ce kaɗai ya sani.

Ma'aikacin ya rantse lamba ba za ta canja ba. Ta ce murya ba ta bin gilashi, ido ne ke bin gilashi, so ake a riƙa kallonta a ɗaki. Na ce, "Su kalli me, Kak? Zanen nan da ya girmi jikata?"

Ana saura mako uku Sallah aka yanke tsohon layin gaba ɗaya, dole ta bari aka jawo sabon, har da sabon tarho mai ɗan allo. Ta lulluɓe shi da tawul. Kullum sai ta sa ni na kira ta sau biyar, ta ɗauka ta ce, "Ba muryarki ba ce, sun tace ta."

Ranar Sallah na shiga da kwanon nama na tarar ta tasa tarhon a gaba. Ya yi ƙara. Ta yi tambayarta, aka ajiye. Ina janye tawul ɗin sai ga lamba a allo.

"Kak, ga shi nan! Lambarsa ce!"

Ta daɗe tana kallo. "Wato abin nan tona asiri yake yi. Na faɗa miki."

"To a goge?"

Ta buge mini hannu. "Taɓa ki gani. Miƙo mini tabarau, ki karanto a hankali, ni zan danna. In kin gama kuma ki fita, kin cika kasa kunne."