Man kaɗanyar Mama Keziya

Shekara ashirin da shida Mama Keziya tana buga man kaɗanya a bayan tashar jirgin Kafanchan, tun rasuwar mijinta direban jirgi. Katangarmu ɗaya, don haka na san halinta sarai: mace mai faɗa, mai alfahari da hannunta. Manta kuwa ya isa a yi alfahari da shi. Yana rufe faso, yana kwantar da ƙaiƙayi, kuma duk jaririn da aka haifa a cocinmu da shi ake fara shafe shi.

Inji ɗaya take kai ƙwarar kaɗanyarta niƙa, na Ja'afaru, don shi ba ya karɓar kayan yaji. Wannan makon injin ya lalace, ga mata suna ta aiko mata neman mai. Sai ta kai wani injin a bakin kasuwa, alhali lokacin citta ne, buhunan cittar Kachia jibge a ƙofar. Mura ta toshe mata hanci, tafin hannunta kuma ya daɗe da daina jin zafin komai. Ranar Laraba ta raba kwalba tara wajen taron zumuntar mata.

Washegari da safe ta shafa ragowar a fuska. Ina shanya na ji ta ƙwala mini kira. Idonta ya yi jajir, tana ta fifita kumatu.

"Doreen, citta ce! Akwai citta a man nan!"

Nan take na tuna kwalba ɗaya tana wajen Ugomma, matar mai shagon takalma, wadda ɗanta mai wata biyu ke fama da ƙuraje. Mun kira wayarta sau huɗu, ba a ɗauka ba. Mama ta tare ɗan acaba ko ɗankwali babu, na hau bayanta.

Tun daga ƙofa muka ji kukan. Yaron yana kan cinyar uwar, wuyansa da ƙirjinsa sun yi ja. Kwalbar a buɗe, yatsan Ugomma a ciki.

"Mama, gode Allah ka zo," in ji ta da 'yar Hausarta. "Tun wanka jikin bebi ya yi ja, ban san mene ba. Ina ƙara masa man ka, shi ne yana taimaka masa kullum."

Ko kaɗan ba ta zargi man ba. Na ga Mama ta gane haka. Da ta ce zafin gari ne ta ɗauke kwalbar a hankali, har abada ba mai sani, kuma ina jin kunyar faɗa, ni ma abin da na so ta yi ke nan.

Ta riƙe wuyan hannun Ugomma gam.

"'Yata, kawo ruwa da sabulu, mu wanke shi mu kai asibiti. Ba ciwo ba ne. Man nawa ne ya ƙone miki ɗa."

Ugomma ta dube ta, ta dubi yatsanta. Sannan ta janye yaron, ta juya mana baya.