Malam Ɗanlami Sukundireba da Faifan Dubai

Ku da kuka san Malam Ɗanlami, kun san ba ya fita sai da sukundireba a aljihun gaba, daidai inda sauran malamai ke maƙala biro. Ko masallacin Juma'a da ita yake zuwa. Ni taubashinsa ne, gidanmu na kallon nasu a ƙauyenmu da ke bayan Minjibir, don haka na fi kowa shan wahalarsa. Rediyona biyu ya kwance wai zai ga abin da ke ciki, alhali lafiyarsu ƙalau kafin ya taɓa su!

Tsohon malamin gona ne. Da ya yi ritaya, 'yarsa Rabi ta aiko masa da laftof daga Kano. Ba a yi sati ba ya goge manhajar da ta zo da ita, ya sa wata wai ita Linux, ya ce kyauta ce kuma kowa na iya leƙa cikinta ya gyara.

Na ce, "Ɗanlami, an ba ka abu yana aiki ka lalata?"

Ya ce, "Kai tela ne. Za ka sa rigar da aka hana ka duba ɗinkinta?"

Na ce, "In kyauta ce, har biyu zan sa."

To, ga inda rigimar ta taso. Shekarar da ya auri Ladi, sun je gidan kawunsa a birni, aka kunna musu wani fim ɗin Indiya a talabijin. Ana dab da ƙarewa aka ɗauke wuta. Shekara wajen arba'in Ladi ba ta san wa yarinyar fim ɗin ta aura ba, kuma duk daminar duniya sai ta yi zancen. Ya taɓa sayo mata faifan fim ɗin na kasuwa, shi ma ya maƙale kafin ƙarshe. Sai ya roƙi wani Alhaji mai zuwa Dubai ya kawo masa faifan asali, mai kwali da leda.

Ranar da faifan ya iso, Ladi ta tara maƙwabta bayan la'asar, ta soya gyaɗa, aka sauke labule. Ɗanlami ya zura faifai yana wani ɗaga kafaɗa. Laftof ta yi ƙugi, ta yi ƙugi, ta yi shiru. Ya ciro, ya hura masa iska, ya goge da bakin riga, ya mayar. Shiru. Ya sa wani faifan kasuwa don gwaji, nan take ya kama, har da kiɗa.

Ya dafe kai ya ce, "Ikon Allah! Na sata yana yi, na halak ya ƙi!"

Mata suka cinye gyaɗa suka watse. Tuwon da Ladi ta kawo masa ranar kuwa ya zo ba man shanu.

Kun san shi da kafiya. Washegari ya kwance laftof ɗin gaba ɗaya a kan tabarma, ya duba inda faifai ke shiga, ya mayar, ƙusa biyu suka yi saura. Ya ce ai dama sun yi yawa. Alhaji Sani maƙwabcinmu ya aiko masa da na'urar DVD ya ara, ya mayar da ita ko kwalin bai buɗe ba.

Na ce, "Haba! Minti biyar ka gama da wannan."

Ya ce, "In ta yi, me na koya?"

Na ce, "Ladi ce za ta kalla, ba jarrabawa za ta rubuta ba!"

A kwana na uku ya kira ni, ya nuna min wani baƙin allo cike da ƙananan rubutu. Ya ce masu fim ɗin ne suka kulle faifan don kada a kwafa, ita kuma manhajarsa ba ta zo da mabuɗin ba, sai an sauko da shi daga intanet. Garinmu kuwa kun san sabis ɗinsa. Haka ya ɗaure laftof a bayan keke, ana tsakar noman gero, ya tafi Minjibir. Ya zauna a rumfar mai shayi daga hantsi har azahar, kofi ɗaya ya sha. Mai shayin da kansa ya ba ni labari, yana rantsuwa.

Ya dawo da mabuɗi, faifai ya sake ƙi. Wai kuma an raba duniya shiyya-shiyya, faifan na wata shiyya ne, laftof ɗin na wata, kuma sau biyar kacal aka yarda a canja mata. Wallahi sai da ya kwana biyu yana juya maganar, kamar wanda zai yanka bijiminsa. Ladi ce ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, sauran huɗun kabari za ka kai su?" Ya yi bismilla ya danna.

Ya kama! Aka sake tara mata, ni ma na samu gefe. Da aka zo ƙarshe, sai ga yarinya ta auri wani mai gashin baki, ba saurayin da Ladi take so ba.

Ladi ta tafa hannu ta ce, "La ilaha illallahu! Wannan na jira shekara arba'in? Gara da aka ɗauke wutar!"

Na juya in tsokani Ɗanlami, ashe ko kallon fim ɗin bai yi ba. Yana bayan laftof, ya kara kunne yana sauraron yadda faifan ke juyawa, bakinsa har kunne.

Bara da kaka ya kwanta. Na je duba shi, na tarar ya rame, muryarsa da ƙyar take fita. Ya riƙe hannuna ya ce, "Kai tela, ka riƙa leƙo Ladi. Ba ta iya cin abinci ita kaɗai." Kwana huɗu bayan nan aka yi masa sutura. Yanzu kullum da azahar matata kan ɗauki kwanonta ta tsallaka, su ci tare.

Allah ya jiƙan Ɗanlami, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Ya ba Ladi haƙuri, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.