Ƙyallayen da muka kwance a Gulbin Kaba

Mun tashi da asuba daga Mayahi, mutane na fitowa daga masallaci, mu 'yan aji uku na kwaleji tare da malaminmu na kimiyya, wanda muke ce wa Mushe. Yawon ƙafa za mu yi a wani gandun kaba da ke cikin Gulbin Kaba, mu kuma tsince ledoji a hanya, don ƙungiyar tsafta ta makarantarmu ce ta shirya tafiyar. Aka ba kowa buhu.

Motar 'yan kasuwa muka shiga, mai buɗaɗɗen baya. Direba ya ƙara kuɗi, wai esansi, wato man fetur, ya yi tsada, Mushe ya yi ciniki har muryarsa ta dushe, ba a rage komi ba. Muka zauna a kan buhunan wake, wata akuya tana taunar bakin hijabin ƙawata. An gama girbi, gonaki sai karan gero a tsaye da rumbuna masu sabuwar jinka. Inda ƙafar mota ta nutse a rairayi, maza suka sauka suka tura, mu kuma muka taimaka da baki.

A wani ƙauye na bakin gulbi muka sauka. Wanda bai taɓa zuwa ba kada ya sa ran ganin ruwa: kwari ne mai faɗi, ruwansa yana ƙarƙashin ƙasa. Mun sha fura wurin wata Bafulatana, ta fi ta gari araha, nononta kuma da kauri har ludayi yana tsayawa.

A bakin gandun akwai allon ƙarfe da tsatsa ta cinye rubutunsa, da bukkar mai gadi a rufe. Wani mai amalanke ya gaya wa Mushe cewa magajin garin yankin ya ce bana babu kuɗin gandu. Mai gadi ya tafi ci-rani. Ma'aikacin gandun daji da ke zuwa a babur shi ma ya daina, babu mai. Ana kuma raɗe-raɗin idan wurin ya zama fili, za a raba shi gonaki.

Muka kama wata siririyar hanyar ƙafa. Goriba ce ko'ina, dogaye masu rassa bibbiyu, a ƙarƙashinsu kuma kaba gungu-gungu. Kaba ita ce goribar da ba ta tashi ba tukuna. Da ganyenta ake saƙa tabarma da igiya, kuma in ana yankarta kullum ba ta zama itace. Gefen ganyen yana da ƙaya mai kama zane. Na ga sawun damo a rairayi, da carki a bayan wani sa, da Buzaye suna shayar da raƙuma a rijiya.

Ledoji ba su da yawa, ga shi maza da mata muna gasar wa zai fara cika buhu. Can sai muka fara ganin ƙyallaye ɗaure a jikin wasu kaba: guntun atamfa, bakin shadda, duk rana ta koɗe su. Wata ta ce tsafi ne, wani ya ce iska ce ta kawo su. Muka ɗauke su shara, muka hau kwancewa muna zubawa a buhu. Na lura ƙullin duka iri ɗaya ne, kuma kullum a kan tsiron da ya fi miƙewa a tsakiyar gungu. Duk da haka na ci gaba da kwancewa kamar kowa. Maza da reza suke tsinkewa don sauri. Mushe yana gaba yana ɗaukar hoto da waya.

Da rana ta take muka haɗu da wata tsohuwa da lauje a hannu. Ta dubi buhunanmu, ta sa hannu ta jawo ƙyalle ɗaya.

"Malam, kai ne babbansu?"

"Ni ne, Inna."

"Wa ya aike ku?"

"Shara muke tsinta, Inna."

"Shara? Wanga zanen sunan jikana ne. Wancan kuwa, ƙishin ruwa ne ya sa ka ɗaure goranka da shi, ko ko?"

Mushe ya yi sauri ya kwance ƙyallen da wani ya ɗaura masa a gora. Babu wanda ya yi dariya sai ita.

Ashe ita ce shugabar mata masu yankan kaba. A da, in ji ta, ma'aikatan gandu suna shafa jan fenti a tsiron da za a bari ya girma. Da fenti ya ƙare, matan suka koma yage tsofaffin zannuwansu. Duk mai lauje ta san ƙyalle na nufin kada a taɓa. Wasu tsiron an yi shekaru ana kiwonsu, su ne za su hana a ce gandun fili ne. Washegari kuma ranar yanka ce, mata za su shigo daga ƙauyuka da sassafe, abin da ba shi da ƙyalle na lauje ne.

Muka juya baya muna bin sawunmu. Ta nuna mana yadda ake gane wurin: inda ƙyalle ya daɗe, jikin kabar yana da zobe fari-fari. Ta koya mana ƙullin. Waɗanda aka tsinke da reza sun yi gajere, sai muka fara yage bakin kallabinmu. Ƙaya ta yi mana zane a hannuwa. A wani wuri garken shanu ya bi ta kan sawunmu, muka yi ta zagaye ba mu gane ko ɗaya ba.

Da la'asar ta ce ya isa, mota za ta bar mu. Na matsa kusa da ita na ce, "Inna, waɗanda muka rasa fa?"

Ta ce, "Gobe su zama tabarma, ɗiyata." Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta ba mu 'ya'yan goriba muka gwagwiya a hanya.

Ana kiran magariba muka shiga Mayahi. Abin da na koyo shi ne, wurin da hukuma ta janye hannu ba ya zama marar mai shi, kuma baƙo ya tambaya kafin ya gyara.

A gida mahaifiyata ta ga kallabina ya rage rabi, ta tsare ni. Na ba ta labari tun daga farko. Ta shiga ɗaki, ta fito da tsofaffin zannuwa ta miƙo mini.

"Ran kasuwa ki ba direban nan ya kai mata. Kallabi kuwa, haka za ki ɗaura shi har salla."